DAGA MUHAMMADU ZUWA MAMMAN: TAFIYAR SUNA ƊAYA CIKIN HARSUNA

Garin Bande yana bakin babbar hanyar mota wadda ta taso daga birnin Damagaram ta nufi Magarya, daga can kuma ta zarce zuwa iyakar Tarayyar Nijeriya. Ƙasa ce ta manoma gero da gyaɗa da wake, ƙasar makarantun allo, mai yawan jama'a ƙwarai. Duk wanda ya tsaya cikin kasuwar garin ya ɗaga murya ya kira Mamman, to mutum ɗaya ba zai waiwayo shi kaɗai ba. In ya ƙara da Lawali, ko Sani, ko Salisu, sai waɗansu kuma su juyo. Da yawa daga cikin waɗanda suka amsa sun san cewa ranar da aka yanka musu rago suna ɗaya liman ya faɗa, watau Muhammadu, sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda sunan ya samo asali, da yadda ya rarrabu cikin bakunan al'ummomi, da kuma wahalar da wannan rarrabuwa take jawo wa talaka ranar da ya shiga hannun takarda.

ASALINSA A LARABCI

Kalmomin Larabci galibinsu a kan baƙaƙe 3 ake gina su, kamar yadda ake kafa tukunya a kan duwatsun murhu. Baƙaƙen da suka ɗauki wannan suna su ne ha da mim da dal, ma'anarsu kuwa yabo da godiya. Su ne cikin kalmar hamdala da kowane Bahaushe yake yi bayan ya ƙoshi ko ya sauka lafiya daga tafiya. Daga wannan tushe Larabawa suka fitar da sunaye da dama. Mahmudu shi ne wanda aka yaba. Ahmadu shi ne mafi cancantar yabo, waɗansu malamai kuma suka ce mafi yawan yabon Ubangiji. Hamidu ma daga nan yake. Amma Muhammadu ya ɗara su nauyi, domin mim ɗin da ke tsakiyarsa yana da shadda, kuma a nahawun Larabci wannan ninki yana nuna yawaita da maimaitawa. Hausa ma tana da irin wannan dabara, inda ake cewa an yaba, in abin ya yawaita a ce an yayyaba. Saboda haka fassarar da ta fi kusa ita ce yababbe, wanda ake ta yabonsa ba fasawa.

Mutane da yawa suna ɗaukar Hamza cikin wannan dangi saboda kamar da ke farkon sunan. Ba haka ba ne: baƙinsa na uku daban yake, tushensa ma daban.

Tushen bai tsaya ga Larabci kaɗai ba. Harshen Ibraniyanci, wanda yake ɗan'uwan Larabci ne kamar yadda aka sani, yana da baƙaƙen nan 3 a jere iri ɗaya, sai dai can ma'anarsu ta karkata wajen sha'awa da abin da rai yake so. Malaman tarihin Annabi sun ruwaito cewa kakansa Abdul Muɗallibi ne ya sa masa sunan a Makka, kuma a wancan zamani sunan bai yaɗu cikin Larabawa ba, mutane ƙalilan ne aka sani da shi. A cikin Alƙur'ani mai girma sunan Muhammadu ya zo sau 4, a surorin Ali Imrana da Ahzabi da Muhammadu da Fatahi, sunan Ahmadu kuwa sau 1, a surar Saffi.

YADDA BAKUNA SUKA JUYA SHI

Suna in ya bar garinsu sai ya bi harshen masu masauki. Turkawa suka mai da shi Mehmet, kuma sarkinsu da ya ci birnin Kustantiniya a shekara ta 1453, birnin da ake kira Istambul yanzu, da wannan suna duniya ta san shi. A al'adarsu cikakken lafazin na Annabi ne, gajeren kuwa na sauran mutane, har sojansu na ƙasa ma da ƙaramin wannan suna suke yi masa laƙabi. Mutanen duwatsun Kaukasas cikin ƙasar Rasha suna cewa Magomed. Cikin Musulmin ƙasar Sin sunan dangi da ya fi yawa shi ne Ma, kuma masana da dama suna danganta shi da gaɓar farko ta wannan suna. Turawan da suka ji shi daga nesa tun zamanin yaƙe-yaƙensu da Musulmi suka karkatar da shi: Faransawa suka ce Mahomet, mutanen Sifen suka ce Mahoma.

A Afirka ta Yamma kowace al'umma da nata. Mutanen Mali da Gine da Senegal suna cewa Mamadu, Wolof su gajarta su ce Modu. Barebari ma, ko da yake tsakaninsu da Senegal tafiya ce ta watanni a ƙafa, Modu suke cewa. Filani suna da Hammadu. Yarbawa suna da Momodu. Askiya Muhammadu, wanda ya hau gadon Songai a shekara ta 1493, maroƙan Zabarmawa ba su san shi da wani suna ba sai Mamar.

Hausa kuwa tana da ƙa'ida wadda ba ta cika karyawa ba: kalma tana son ta ƙare da wasali. Shi ya sa aka riƙe rufu'ar da ke ƙarshen sunan a Larabci aka ce Muhammadu, kamar yadda aka ce Yusufu da Yakubu da Dawuda. Daga nan baki ya fara neman sauƙi. Wasalin farko ya bi na biyu aka sami Mahammadu. Ƙarshen ya faɗi, hanci ya maye gurbinsa, aka sami Mahamman. Ha ɗin nan ta Larabci mai fitowa daga maƙogwaro, wadda Hausa ba ta da irinta sosai, ta narke tsakanin wasula biyu, sai ga Mamman. Haka Mahmudu ya koma Mamuda da Mudi, Ahmadu ya koma Amadu. Wannan ba ɓarna ba ce, kuma ba jahilci ba ne, alama ce ta daɗewar zama. Baƙo ne ake kiransa da cikakken sunansa. Ɗan gida gajartawa ake yi.

Daɗewar kuwa tarihi ya shaida ta. Jerin sarakunan Kano na farko cike yake da sunaye irin su Bagauda da Warisi da Gijimasu da Tsamiya. Bayan zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, sai sunayen Musulunci suka fara shiga fada. Cikin ƙarni na 15 Muhammadu Korau ya yi sarauta a Katsina, Muhammadu Rabbo a Zazzau, Muhammadu Rumfa kuwa ya riƙe Kano daga 1463 zuwa 1499. Babban malamin da ya sauka wurin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki, Almagili, shi ma Muhammadu ne sunansa. A nan kudancin Damagaram, labaran dattawa sun ce gidajen sarautar Sosebaki, watau Mirya da Waca da Dungas, sun fito daga wani ɗan sarkin Barno da ake kira Muhammadu Nafarko. Sarkin Damagaram da ya tari sojan Faransa a Tirmini a shekara ta 1899, Amadu Kuran Daga, sunansa daga tushen nan ne. Shehu Laminu na Kukawa, wanda Damagaram ta daɗe tana kai wa gidansa gaisuwa, cikakken sunansa Muhammadu Al'aminu.

LAWALI, SANI, SALISU

A nan ne Hausawa suka yi abin da ba kasafai ake samunsa a wata ƙasa ba. Magidanci yana son kowane ɗa nasa ya sami albarkar sunan Ma'aiki, to amma in yara maza 5 cikin gida ɗaya duk Muhammadu ne, wa zai amsa in an kira? Sai malamai suka ɗauko ƙidayar Larabci suka rataya wa sunan. Na fari ya zama Muhammadul Awwal, na biyu Muhammadus Sani, na uku Salisu, na huɗu Rabi'u, na biyar Hamisu, na shida Sadisu, na bakwai Sabi'u, na takwas Saminu, na tara Tasi'u, na goma Ashiru. Da tafiya ta yi nisa sai aka sauke Muhammadun aka bar lambar ita kaɗai, har ta zama suna mai zaman kanta.

Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya gwada wannan da kansa, domin lambobin nan suna cikin bakinsa kullum ba tare da ya lura ba. Salisu da ranar Talata da talatin tushensu ɗaya, uku. Rabi'u da Laraba da arba'in, huɗu. Hamisu da Alhamis da hamsin, biyar. Sabi'u ɗan'uwan saba'in ne, Saminu na tamanin, Ashiru na ashirin, Sani kuwa na Litinin, rana ta biyu cikin mako. Abin lura shi ne baƙin Larabci guda ɗaya, wanda ake furtawa da harshe tsakanin haƙora, ya shigo Hausa ta ƙofa biyu: cikin Talata da tamanin ya zama t, cikin Salisu da Saminu ya zama s.

Harafin l da ke farkon Lawali shi ma baƙo ne da ya zama ɗan gari. Guntun al ne na Larabci, wanda Hausa ta haɗiye wasalinsa ta manne sauran ga kalma. Shi ne a Laminu, da liman, da Lahadi, da labari, da lahira, da lokaci. Don haka Auwalu na Kano da Lawal na Katsina da Lawali na Bande mutum ɗaya ne. Kuma in aka duba da kyau, laƙabin nan Nafarko na kakan Sosebaki ma'anarsa ɗaya da Lawali, sai dai shi da Hausa tsantsa aka faɗe shi. A yau ba kowane gida yake bin jerin daidai ba. Ana samun Sani wanda shi ne ɗan fari, an sa masa sunan kawunsa ne kawai, ana kuma samun Rabi'u wanda ba shi da wa ko ɗaya.

Ba ƙidaya kaɗai aka rataya wa sunan ba. Akwai siffofin Annabi: Aminu, Mustafa, Bashiru, Naziru, Habibu. Akwai sunayen manyan malamai waɗanda su kansu Muhammadu ne: Buhari, daga mai tattara hadisan nan mutumin birnin Buhara a tsakiyar Asiya, Gazali, Sanusi, daga shehin ɗariƙar da ta kafu a ƙasar Libiya cikin ƙarni na 19, wadda fataken Sahara suka san ta sosai. Akwai kuma na Fillanci, irin su Bello, wanda ya yaɗu saboda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya yi mulki a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837.

Dalili na biyu da ya sa laƙabi ya rinjayi sunan yanka shi ne kunya da girmamawa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Mace ba ta kiran sunan mijinta ko na surukinta, kuma in aka mayar wa jariri sunan kakansa sai gidan duka su koma kiransa Abba ko Baba. Ga wanda aka sa wa Muhammadu kuwa akwai ƙarin nauyi, domin yaro ba ya rasa ɓarna, ɓarna kuma ba ta rasa faɗa da zagi, ba wanda yake so ya haɗa sunan Ma'aiki da baƙar magana cikin numfashi ɗaya. Laƙabi sai ya zama kamar kube, sunan na ciki a adane. Hausawa sun ce suna linzami ne, to wannan linzami ba kowace rana ake jansa ba: sai ranar ɗaurin aure, da ranar saukar karatu, da ranar da aka jera sahu za a yi wa mutum salla.

RANAR DA ALƘALAMIN BOKO YA ZO

Muddin malamin allo ne yake rubutu, sunan bai taɓa rabuwa ba. Ko Mamman ne ya zo, ko Modu, ko Hammadu, baƙaƙe 4 malam zai zana: mim, ha, mim, dal. Haka ake rubuta shi a Bande, haka a Kukawa, haka a Alƙahira. Rabuwa ta zo ne tare da harufan boko, kuma ta zo kashi biyu.

Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da takwaransa na Ingila suka bi ƙasar nan suna kafa alamun iyaka. Magarya da Bande da Dungas suka faɗa hannun Faransa, Daura da Zango da Ɓaure da Ɓaɓura suka faɗa hannun Ingila, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Kowane mai mulki ya rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar harshensa. Bafaranshe ba ya rubuta sautin u sai da harufa 2, shi ya sa aka sami Mahamadou da Salissou da Rabiou da Tassiou. Ba ya amfani da w sosai, sai Lawali ya koma Laouali. Sautin sh a wurinsa ch ne, sai Ashiru ya zama Achirou. Kuma da yake n na ƙarshen kalma a Faransanci cikin hanci yake ɓacewa, sai magatakarda ya ƙara e domin a furta shi, aka sami Mahamane da Mamane. Wanda bai ƙara ba ya rubuta Maman, wanda a Faransanci ma'anarsa inna, ga shi kuwa dattijo ne mai gemu yake riƙe da takardar. A ƙetaren iyaka kuma akawun Ingila ya rubuta Mamman da Mohammed da Lawal.

Misali mafi girma yana fadar shugaban ƙasa. Daga 1993 zuwa 2023 mutane 4 da aka zaɓa suka shugabanci Jamhuriyar Nijar suna ɗauke da wannan suna, kowa da rubutunsa: Mahamane Ousmane, haifaffen Damagaram, daga 1993 zuwa 1996, Mamadou Tandja daga 1999 zuwa 2010, Mahamadou Issoufou daga 2011 zuwa 2021, Mohamed Bazoum daga 2021 zuwa 2023. A Nijeriya kuwa an yi Murtala Muhammed, da Muhammadu Buhari mutumin Daura, da Sani Abacha. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka sunaye ne dabam-dabam. Ko a Ingila ma ofishin ƙididdiga yana lissafa kowane rubutu daban, kuma duk da haka rubutun Muhammad shi kaɗai ya zo na ɗaya cikin sunayen jarirai maza na Ingila da Wales a shekara ta 2023, da yara 4,661.

Shugaban ƙasa ba ya shan wahala saboda harafi. Ɗan manomi ne yake sha. Ga yadda abin yake faruwa a garuruwa irin na Bande. An haifi yaro a gidan haihuwa, ungozoma ta cika takardar shaida a ranar, amma yaron ba shi da suna tukuna, domin sai rana ta 7 za a taru da sassafe, a raba goro, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski. Bayan haka sai wata gwaggo ta koma ta faɗi suna, ita kuwa saboda kunya laƙabi za ta faɗa, a rubuta Laouali. Shekara 7 ta cika, uba ya kai shi lakwal, mushe ya tambayi suna, uba ya ce Mamman Lawali, a rubuta Maman Laouali cikin rajista. Yaro ya je cin rani Kano ko almajiranci, can a ba shi wata takarda mai Muhammad Lawal. Duk garin sun san mutum ɗaya ne. Amma ranar da za a haɗa takardun jarrabawa, ko neman katin ɗan ƙasa, ko fasfo na zuwa Makka, ko karɓar kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga waje, ma'aikaci zai ajiye takardun kusa da juna ya ce ba su dace ba. Kuma gaskiyarsa ce, domin shi ba a ba shi ikon yin tafsirin suna ba, harufa aka ce ya gwada. Tun da aka fara shigar da sunaye cikin kwamfuta abin ya ƙara tsanani: magatakardan da yakan gane mutum ya kau da kai, na'ura kuwa ba ta san Mamman ɗan wane ba ne.

Akwai wata matsala kuma da takardar Faransa ta kawo. Tana da gurabe 2, ɗaya na sunan dangi, ɗaya na sunan mutum. Bahaushe kuwa ba shi da sunan dangi irin na Turawa, wane ɗan wane yake cewa. Sai aka mai da sunan uba ya zama na dangi, wani ofishi ya sa shi gaba, wani ya sa shi baya. In uba Mamman ne ɗa kuma Sani, takarda ɗaya ta ce Mamane Sani, ɗaya ta ce Sani Mamane, alhali Mamane Sani yana iya zama sunan mutum ɗaya shi kaɗai ba tare da na ubansa ba. Ga shi kuma a gari ɗaya ana iya samun mutum 10 masu wannan suna daidai, abin da yakan rikita jerin masu zaɓe da na masu karɓar taimakon abinci.

Gyaran harafi ɗaya cikin takardar haihuwa ba aikin magatakardan gari ba ne shi kaɗai, magana ce da takan kai ga gidan shari'a. Ga mutumin ƙauye wannan yana nufin kuɗin mota zuwa Magarya, da neman shaidu, da barin gona kwana da kwanaki, wani lokaci kuma da asarar shekara guda ta karatun yaro in lokacin ajiye takardu ya wuce.

ABIN DA KE HANNUN MASU KARATU

Waɗansu matasan malamai suna ganin maganin shi ne a bar Mamman da Mahamman gaba ɗaya a koma ga lafazin Larabci, kuma iyaye da yawa a birane sun bi wannan ra'ayi. Niyyar kyakkyawa ce, amma ba ta warware matsalar takarda ba, domin lafazin Larabcin ma da boko ana rubuta shi Mohamed, da Mohammed, da Mouhamed, da Mouhamadou, da Muhammad. Kuma babu dalilin jin kunyar sunan da Mamman Shata na Katsina ya ɗauka har ya rasu a 1999, da Malam Mamman Barka mai kiɗan biram wanda ya kai sunan Nijar ƙasashen Turai kafin rasuwarsa a 2018. Abin da ake bukata shi ne rubutu ɗaya ga mutum ɗaya, daga haihuwa har mutuwa, ko wanne iyaye suka zaɓa.

Ƙa'idar rubutun Hausa kuwa tana nan tun da daɗewa. Taron Bamako na shekara ta 1966 ya tsara harufan da aka yi amfani da su cikin azuzuwan yaƙi da jahilci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a birnin Damagaram. A 1980 masana na Nijar da Nijeriya suka zauna a Yamai domin daidaita rubutun ƙasashen biyu. A watan Maris na 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A wannan ƙa'ida kowane sauti harafinsa ɗaya, saboda haka Lawali ba shi da rubutu biyu, Salisu ma haka. Sai dai wanda takardunsa suka riga suka fito da Laouali, kada ya ce zai gyara da kansa a takarda ta gaba don ya koyi sabon rubutu: abin da ke cikin takardar haihuwa shi ne abin bi, ko da bai yi masa daɗin gani ba.

Dokar rajistar jama'a ta shekara ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, watau ranar suna tana cikin wa'adi da sarari mai yawa, kuma bayyanawa cikin wa'adi kyauta ce. Wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya nemi hukuncin alƙali, ko ya jira zaman da alƙalai sukan fita yi a garuruwa lokaci-lokaci. Ma'aikacin da ke riƙe da rajista, nauyinsa shi ne ya tambayi uba ko sunan yanka ne ya faɗa ko laƙabi, ya tambayi wanne ne na yaro wanne ne na uba, ya rubuta, sa'an nan ya karanta masa da ƙarfi kafin ya buga hatimi. Mushen lakwal kuma kada ya ɗauki suna daga bakin yaro ko na mai rakiya, ya kwafa daga takardar haihuwa harafi bayan harafi.

Saura aikin wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, namiji ko mace. A ƙauyuka da yawa na ƙasar Bande da Dungas shi ne mutum na kusa da zai iya duba takarda ya gane abin da ke cikinta. Ranar suna, bayan liman ya shafa fatiha, yana iya rubuta sunan jariri da na uba da na uwa da ranar haihuwa a ƴar takarda, ya ba mai zuwa wurin rajista ya tafi da ita. In takardar haihuwa ta fito ya ajiye su biyu kusa da juna ya ƙirga harufa: mim ɗin tsakiya ɗaya aka sa ko biyu, akwai e a ƙarshe ko babu, sunan uba yana gaba ko yana baya. In ya ga saɓani ya mayar da ita a makon nan, kafin a kwafi kuskuren cikin rajistar lakwal.